Kifin da ya hana ni barci a Agege

Yau labarin wani ɗan kifi zan ba ku, wanda tsawonsa bai wuce santimita 8 ba, amma ya taɓa hana gidana barci.

Ni mutumin tudu ne, kifin da na sani tun ina yaro shi ne tarwaɗa a cikin miya. A nan Legas na fara ganin kifin teku na ado, har na sayi irin wanda masana ke kira Centropyge acanthops. Gadon bayansa ruwan lemo ne, sauran jikin shuɗi mai duhu. Asalinsa gaɓar tekun Indiya ne a gabashin Afirka, wajen su Kenya, kuma ba a cika samunsa a nan ba. Wani abin mamaki, duk danginsa mata suke tashi, wadda ta fi ƙarfi a garke ita ke rikiɗa ta zama namiji.

Kiwonsa sai da haƙuri. Akwatin gilashina lita 200 yake ci, kuma kowace lita na son gishiri kamar giram 35, gishirin musamman ba na miya ba. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, gishirin na nan bai tafi ba, don haka tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa. Zafin ruwan kuma kada ya wuce digiri 27. Makonni na yi ina jiran ruwan ya zauna kafin na saka shi, yana ta kiwon gansakukar da ke jikin duwatsu.

Da Kawu ya zo daga gida ya tsaya ya dube shi, sai ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, kifin da ba a ci kake ciyarwa?" Na ce, "Kawu, ai ku ma kuna kiwon tantabaru." Ya yi dariya ya ce tantabara dai ana iya yanka ta.

To ranar da abin ya faru, an ɗauke wuta wajen ƙarfe goma na dare, janareta kuma babu mai, don tun da aka cire tallafi a 2023 awo nake masa. Famfo na tsayawa ruwan ya daina motsi, iskar da ke cikinsa ta fara ƙarewa. Can tsakar dare na haska tocila, na gan shi ya fito daga raminsa yana numfashi da sauri. Wallahi gabana ya faɗi, domin ni na sa aka raba shi da tekunsa, amanarsa tana wuyana. Na ɗauki kofi ina ɗiban ruwan ina zubawa daga sama don iska ta shiga. Da hannuna ya gaji maiɗakina ta karɓa. Wajen ƙarfe uku sai ga Kawu ya fito, bai ce komai ba, ya miƙo hannu a ba shi kofin.

Haka muka yi karɓa-karɓa har aka kira asuba, aka kawo wuta. Kifin ya rayu. Washegari na sayo ƙaramin famfon iska mai batir, kuma duk mai sha'awar wannan kiwo ina ba shi shawara ya fara sayen wannan kafin kifin.

Kawu ya koma gida, amma duk sanda ya bugo waya, bayan ya tambayi yara sai ya ce, "Ya baƙon namu?"