Wayar da Ke Cikin Ƙofa

Ina ɗan shekara goma sha bakwai aka kai ni koyon lantarkin mota a Dakoro, bayan yunwar 2005 ta lafa, lokacin da mahaifina ya ga gonar gero kaɗai ba za ta riƙe gida ba. Garejin maigidana rumfar kwano ce a bakin hanyar Maraɗi, da tebur guda, da tarin tsofaffin batura, da murhun shayin da ba ya rabuwa da garwashi. Aikinmu na kullum bai wuce fitilar da ta ƙi kamawa ba, ko demarer da ya ƙi juyawa, ko batirin da ya kwana ya tashi babu wuta.

Motocin garin a wancan lokaci sanannu ne. Akwai Peugeot 504 da ta ƙi tsufa, da Hiace na tasha, da Land Cruiser na ƙungiyoyin agaji, da Hilux na ƴan kasuwar dabbobi. Akasarinsu sun gama aikinsu a Turai kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su ƙetaro ta Gaya. Kulle ƙofa kuwa da hannu ake yi: direba ya miƙa ya danna ƙusar baya, ya zagaya ya danna ta ɗaya gefen, sannan ya murɗa makulli a tasa.

Wata safiya cikin hunturu wani Alhaji, dillalin shanu, ya tsayar da Hilux ɗinsa mai ƙofa huɗu a gaban rumfarmu. Ya fito da kwali a hannu, ya ce a Ƙofar Ruwa ta Kano ya sayo shi, ya biyo da shi ta Jibiya. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Yakan ɗauko kuɗin ciniki daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma sau biyu yana dawowa ya tarar ya manta ƙofar baya a buɗe.

"Malam, za ka iya sa wannan?" in ji shi.

"Alhaji, da yardar Allah. Amma a bar mana ita har la'asar."

Maigida ya zazzage kwalin a kan tebur ya kira ni. Akwai ƴan injina huɗu masu kamar ƙaramar bindiga, da sandunan ƙarfe sirara, da baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, da damin wayoyi, da rimot biyu waɗanda mu muke kira komand. Ya ɗaga ɗaya daga cikin injinan ya ce in ƙirga wayoyinsa. Biyar ne, sauran ukun kuwa bibbiyu.

"Wannan shi ne sarkinsu, ƙofar direba zai zauna," in ji shi. "Waya biyu na ƙarfi ne. Ukun nan su ke gaya wa akwati ko ƙofa a kulle take ko a buɗe. Abin da suka faɗa, shi sauran ƙofofin za su bi."

Ya ɗauko batir ya taɓa wayoyi biyun, sandar ta zabura waje. Ya juya su, ta koma ciki. Ya ce duk sirrin ke nan: akwatin yana tura wuta mai ƙarfin bolt 12 na ɗan ƙiftawar ido, ta wannan fuska don kullewa, ta waccan don buɗewa. Sai bayan shekaru na karanta cewa motar Renault Fuego ce ta fara fitowa da irin wannan makulli a Faransa a 1982, ƙirƙirar wani mai suna Paul Lipschutz, kuma na farkon da haske marar ganuwa yake aiki irin na komand ɗin talabijin, dole sai ka auna motar. Namu da igiyar rediyo yake, ko daga bayan katanga ana iya dannawa. A ranar dai ban san komai cikin wannan ba, abin da na sani shi ne hannuna na rawa don ɗoki.

Muka cire hannun gilashi, muka ɓalle kwalin ƙofar a hankali don kada ƙusoshin roba su karye. Ƙurar shekaru ta zubo mana a ƙafa. Maigida ya daɗe yana auna inda injin zai zauna. Ya ce dole ya daidaita da sandar makulli ta asali, su riƙa tafiya layi ɗaya, in ya karkace zai yi ta wahala har ya ƙone. Ya lanƙwasa sandar da filaya, ya ɗaure ta da ƴar maƙala mai sukurori, ya sa na sauke gilashi har ƙasa, na ɗaga, na sake saukewa, don a tabbata ba ya gogar komai. Ya ɗauko wuta daga batir ta cikin fizibil, ya kafe wayar mas a jikin ƙarfe bayan ya kankare fenti, ya haɗa da fitilun sigina don su ƙyafta in an kulle.

Da azahar aka zo kiransa, wata motar tasha ta mutu cike da fasinja. Ya nuna mini robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota ya ce: "Ta nan wayoyi za su bi. Kowane haɗi ka liƙe shi da dalma. Ka ji ko?"

"Na ji, Maigida."

Robar ta bushe da rana ta yi tauri kamar ƙirgi. Na yi ta tura waya tana ƙi. Can ƙasa na hango wata ƴar huda a ƙarfe, babu roba a bakinta, na zura wayoyin biyar ta nan suka wuce salin alin. Ƙarfen liƙi kuma sai an sa shi a garwashi an jira ya yi zafi, ni kuwa ina son Maigida ya dawo ya tarar na gama. Na murɗa wayoyin da yatsa, na naɗe da sikoc, na mayar da kwalin ƙofa na rufe.

Da la'asar Alhaji ya danna komand, ƙofofi huɗu suka amsa ƙwas a tare, fitilu suka ƙyafta. Masu shayi da ƴan kabu-kabu suka taru, kowa na cewa a sake. Alhaji ya ba ni jika guda tukuici. Na kwana ina jin babu kamata a Dakoro.

Hanyoyin arewacin garin ba sa ɓoye aikin kowa. Girgizar burji da buɗe ƙofa sau hamsin a yini suka yi ta goga wayoyin a bakin ƙarfen, har rigar ɗaya ta yanke. Cikin watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, Alhaji na dawowa daga kasuwar Sakabal da iyalinsa, ya tsaya kusa da wata rijiya a kwarin Tarka don alwala. Ya bar makulli a jiki, komand na rataye da shi. Uwargidan ta fito, ta bar ɗansu ɗan shekara biyu yana barci a kujerar baya. Da Alhaji ya tura ƙofarsa, wayar da ta tsiraita ta taɓa ƙarfe. Akwatin ya ɗauka an ce a kulle, ya kulle duka huɗun, gilasai kuma a ɗage saboda ƙura.

Wani makiyayi da ke shayar da dabbobi ne ya fasa gilashin gaba da gatarinsa. Aka fito da yaron jiƙe da gumi yana kuka, aka yayyafa masa ruwan rijiya. Allah ya kiyaye.

Washegari Alhaji ya zo gareji. Bai ɗaga murya ba. Ya ba da labarin a tsaye, ya ƙare da cewa, "Malam, amana na ba ka." Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, laifina ne. Ka yafe mini." Bai ko kalli inda nake ba.

Bayan Alhaji ya tafi ya miƙo mini turnabis ya ce in buɗe ƙofar da kaina. Na buɗe. Ga sikoc ya narke ya saki, ga jan ƙarfen waya yana ƙyalli a bakin hudar. Na jira mari, bai zo ba. Ya ce kawai, "Sauri ya haifi nawa. Mai mota ba zai taɓa leƙa cikin ƙofar nan ba, shi ya sa ya kawo mana." Ya sa robar a ruwan zafi har ta yi laushi, ya shafa mata sabulu, wayoyin suka wuce ba gardama. Abin bai ɗauki minti goma ba. Na hura garwashi na liƙe kowane haɗi yana tsaye a kaina. Gilashin kuwa sai a Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100, shi ya biya daga aljihunsa, ni ya aika na ɗauko na rungumo shi a cinya har gida.

Yau ina da tawa rumfar da nawa yaran. Motocin da ke shigowa yanzu galibi da makullinsu na komand suke zuwa daga kamfani, amma masu tsofaffin motoci ba su daina kawo kwalayen nan ƴan Sin ba, ni ma ban daina sawa ba, domin abu ne mai amfani in an yi shi da gaskiya. Nakan bar ramin makulli na asali yana aiki, don ranar da batirin komand zai mutu a daji. Nakan ce wa mai mota ya raba makullin ajiya da na hannu, kada kuma ya fita ya bar yaro da makulli a ciki ko da na minti ɗaya ne. Ba na yarda a mayar da kwalin ƙofa sai na bi kowace waya da yatsana, na buɗe ƙofar na rufe sau da yawa ina kallon yadda robar ke lanƙwasa. Kuma har gobe, kafin in danna komand karon farko a kan kowace mota, sai na sauke gilashin direba har ƙasa.