A Layin Ziyara, Kudancin Alƙahira

Jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin Dandalin Tahrir ya nufi Helwan yakan cika maƙil tun da asuba. Na hau shi ba adadi sa'ad da nake ɗalibi, amma sai a komawata Alƙahira ta ƙarshe na lura da wasu fasinjojinsa: mata riƙe da manyan ledoji, cike da gurasa, dafaffiyar kaza da fararen tufafi. A Masar fari ne suturar wanda ake tsare da shi kafin hukunci, shuɗi na wanda aka ɗaure, ja na wanda ke jiran kisa. Ran nan ni ma da tawa ledar.

Abokina ɗan garinmu ne, tare muka yi karatu a Azhar. Na dawo gida, shi ya zauna yana sayar da littattafai ga ɗalibai. Kuskurensa ɗaya: ya sa hannu a takardar amana, wadda suke kira isal amana, ba a rubuta adadin kuɗi a cikinta ba. Da suka ɓata da abokin cinikinsa, mutumin ya cike gurbin da abin da ya ga dama, ya kai ƙara. A dokar ƙasar, wannan takarda tana mayar da rigimar bashi laifin cin amana, mai kai mutum kurkuku.

Ƙofar gidan yarin ita ce Alƙahirar da masu yawon kallon dala ba sa gani. Ana rubuta suna da safe, a zauna a gindin katanga har azahar. Matan nan su ne malamaina. Wata tsohuwa ta buɗe ledata ba tare da neman izini ba, ta ce in cire ƙashin kazar, in juye miyar daga gwangwani, in ba haka ba za a mayar mini da ita. Ita ta koya mini kalmar tabliyya, wato shigar da abinci ba tare da ganin mai shi ba, ta kuma nuna mini tagar da ake ajiye wa fursuna kuɗi. Ɗanta ya shekara biyu a ciki, ana ta sabunta tsarewarsa, yau kwana 15, gobe 45. Dokar da ke aiki a lokacin ta ƙayyade shekara biyu a matsayin iyaka ga mafi girman laifi, amma an san dabarar buɗe wa mutum sabuwar tuhuma idan wa'adin ya cika.

Ko masu suna ba su tsira ba. An kama marubuci Alaa Abdel Fattah a Satumbar 2019, aka yanke masa shekara biyar a Disambar 2021, aka ƙi lissafa shekara biyun da ya riga ya yi. Mahaifiyarsa, Laila Soueif, malamar lissafi a Jami'ar Alƙahira, ta yi watanni tana yajin cin abinci kafin a yi masa afuwa a Satumbar 2025. To, ina ga baƙo mai sayar da littattafai? Sashe na 36 na Yarjejeniyar Viyana ta 1963 ya ba baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da jakadancin ƙasarsa, sai dai takarda ba ta da ƙafa. Dole wani ya ɗauke ta ya kai.

Abin da ya fi damuna shi ne "shayi", na goron can. Wani magatakarda ya ce fayil ɗin ya ɓata, amma shayi zai iya nemo shi. Ni da nake yi wa ɗalibai huɗuba kan cin hanci, na tsaya ina juya kuɗi a aljihu. Lauyanmu ya kawar da kai. Na bayar, fayil ya fito a minti biyar, kuma har yau ban sami hujjar da za ta wanke ni a wurin kaina ba.

Ganawar ba ta wuce minti goma ba. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Na zo da bayanin lauya a bakina, sai ya katse ni: "Malam, an yi ruwa a gida kuwa?" Na ce damina ta yi kyau. Ya ce in gaya wa Inna aiki ne ya riƙe shi, kada in ƙara komai a kai. Aka buga ƙarfe, ya miƙe, ya rungumi ledar da hannu biyu.