Dalilin da ya sa muke fita da kare a kan keke



Da yawa daga cikinku kun sha ganinmu bayan sallar asuba a lungunan Oko-Oba, mutum a kan keke, baƙin kare yana sassarfa a gefensa. Keke na feda muke nufi, don a Legas in ka ce keke sai a ɗauka Marwa ne. Wasu suna dariya, wasu suna kaucewa suna tattare bakin riga, wani dattijo ma ya taɓa tare ƙanenmu ya ce masa, "Kai yaro, Turawa kuka koma?" Tunda tambayar ta yi yawa, muka ga gara mu yi bayani a nan sau ɗaya. Wataƙila akwai mai irin matsalarmu yana fama shi kaɗai.

Mu uku ne, wa da ƙanne biyu, sana'armu raguna da tumaki. Garkenmu yana bayan gidan da muke haya, ba nisa da mayankar Oko-Oba. Ana saura mako biyu babbar sallah aka haura mana katanga har sau biyu, raguna biyar suka tafi. Duk wanda ya san kuɗin rago a Legas a irin wannan lokaci ya san ba ƙaramin rami aka jefa mu ba. Maigadi ɗan Adam ne, barci yana sace shi. Ana haka wani ɗan uwanmu direban tirela ya taho mana da kwikwiyo daga Funtuwa, ruwa biyu: uwarsa irin ta mafarauta, ubansa irin wanda ake kira Alsatian. Baƙi ne wuluk, muka sa masa suna Duna.

Kafin mu karɓe shi sai da muka je wurin malaminmu, don mu ma da ƙyamar kare muka tashi. Malam ya ce shari'a ta yi rangwame a kan karen kiwo da na gona da na farauta, namu kuwa tsaron dabbobi zai yi. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, duk da cewa wasu mazhabobin suna da wata fahimtar, kuma dole a girmama masu ita. Har ya ba mu labarin da malamai suke kawowa na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Imamu Malik ya ga zamaninsu, da abin da zai ajiye ya fi kare. Amma maganar da ta fi zama mana ita ce ta ƙarshe. Malam ya ce, "Kun ga halascin nan, da nauyi yake zuwa. Duk dabbar da kuka ɗaure, za a tambaye ku ita."

A gida, kare ba ya zama. Yana bin maigidansa gona, yana bin garke, da rani kuma mafarauta su kwashe su a shiga daji tun safe har yamma. Jininsa na gudu ne. To a Agege ina dajin? Gida ne mai ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, waje kuma danfo da acaɓa. Duna yana da inuwa, yana da ruwa, abinci kuwa kusa da mayanka ba a maganarsa. Amma da ya kai wata goma sai ya zama wani abu daban. Haushi dare da rana, ko kaza ce ta gifta. Ya cinye buhunan dusa, ya tone gindin katanga, ya tauna takalman masu shiga garke. Ragunan da aka kawo shi ya tsare, su ma suka daina sakewa su ci abinci.

Ranar da ta tayar mana da hankali, ya fizge sarƙa ya bi yaron maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya mai sayar da burodi. Bai cije shi ba, wasa ma yake so, amma yaron ya faɗa kwata ya fasa gwiwa. Kafin minti goma ƙofar gida ta cika. Mu da muke zaune a garin wasu mun san yadda ƙaramin abu yake girma. Rikicin Mile 12 na 2016 daga hatsaniyar ɗan acaɓa ya faro, aka wayi gari ana ƙirga gawa da ƙonannun gidaje. Ba wanda zai ce karen wane ya bi yaro. Karen Hausawa za a ce. Allah Ya taimake mu dattawan ɓangarorin biyu suka shiga tsakani, muka biya kuɗin magani, mai gidan kuma ya ce ko karen ya natsu ko mu nemi wani wurin, mu da ragunanmu.

Yayanmu ya ce a mayar da shi Arewa a huta. Mu ƙannen muka ce a fara kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan ya duba shi tsaf ya ce lafiyarsa lau, ba hauka ba mugunta, ƙarfi ne ya taru ba inda zai zuba shi. Ya ce irin wannan kare tafiyar ƙafa ba ta isarsa, don mutum yana gajiya shi ko ɗumi bai yi ba. Shi ya kawo shawarar keke. Amma ya ja mana kunne a kan abu ɗaya: ƙashin kare ba ya gama ƙwari sai ya haura shekara, manyan iri ma har shekara ɗaya da rabi, kuma in aka sa shi dogon gudu a kan kwalta kafin nan, gaɓoɓinsa za su lalace tun yana yaro.

Don haka wata uku cur ba mu hau keken ba. Wani tsohon Phoenix muka saya a hannun mai gyara, muka riƙa tura shi da hannu, Duna yana tafiya a gefe. Mutane suna ganin ƙato yana tura keke lafiyayye kullum safe, suka ɗauka faci ne ba mu da kuɗin yi. A wannan lokacin ya koyi abubuwa uku: kada ya sha gaban taya, ya tsaya in an ce "tsaya", kuma kada ya kula akuya ko kaza. Na ukun ya fi ba mu wahala, don Agege ba ta rasa akuya a kan hanya. Da ya cika wata goma sha huɗu muka fara hawa, minti biyar, sai goma. Yanzu muna yin kamar minti ashirin da biyar zuwa talatin, kwana huɗu a mako, sauran ranakun tafiyar ƙafa.

Ga mai son gwadawa, igiyar ita ce wurin da ake samun hatsari. Ba a ɗaure ta a kan keke inda ake riƙewa, ba a kuma naɗe ta a hannu, don fizga ɗaya zai yi ka sha ƙasa. Wani mai walda ya yi mana ɗan ƙarfe da ya fito gefe daga ƙarƙashin sirdi, muka haɗa igiyar da guntun robar tayar ciki don ta riƙa sassauta fizga. Shi kuma ɗamara muke sa masa a ƙirji, ba a wuya ba, saboda kada ta shaƙe shi. Yana gudu ta hannun dama, wato ɓangaren kwata, mu muna tsakaninsa da motoci. Gudun kuma nasa ne, ba namu ba. Sassarfa ake so. In ka ga igiya ta miƙe ta baya kana jansa, to ka wuce ƙa'ida.

Abin da ya fi kashe kare a wannan harka zafi ne. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, iskar Legas kuma cike take da laima, hakin ba ya aiki sosai kamar a busasshiyar iskar Katsina. Shi ya sa daga an sallame asuba muke fita, kafin bakwai mun dawo. Muna ɗora bayan hannu a kan kwalta, in ba za mu iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Muna tafiya da fiya wata biyu da ɗan kwano, a ba shi kaɗan kaɗan a hanya. Ba a fita da shi da cikakken ciki, abinci sai ya dawo ya huce. In harshensa ya zazzago sosai, yawu ya yi kauri, ko ya fara tangaɗi, a nan take ake tsayawa a nemi inuwa a jiƙa masa jiki. Da mun dawo kuma sai an duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, saboda kwalba da ƙusa ba sa ƙarewa a hanyoyinmu, a cire kaska in akwai.

Babban titi ba namu ba ne. Tsohuwar hanyar Abeokuta tun duku-duku manyan motoci suke kai da kawo wajen mayanka. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoso, amma ta ƙara wa direbobi gudu. Gefen layin dogo kuwa ko kusa ba ma zuwa. Lungunan ciki muke bi, waɗanda muka san ramukansu.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Wanda ya fito masallaci da fararen kaya ba ya son kare ya shinshine shi, ko wace mazhaba yake bi, kuma yana da gaskiya. Don haka ba ma bi ta ƙofar masallaci, in muka hango masu dawowa daga salla ko yara 'yan makaranta sai mu tsaya mu matsa gefe har su wuce. Allurar haukan kare kuma ba wasa a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake ɗaukarta. An yi wa Duna tun yana wata uku, ana sabuntawa duk shekara, katin yana cikin leda a aljihun mai tuƙi. Wannan katin muka fara kai wa mai gidanmu da maƙwabciyarmu suka gani da idonsu. In kuma tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, naku ko na wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar a wuce asibiti, kada a tsaya shafa magani a gida.

Canjin bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Yanzu Duna yana dawowa ya sha ruwa ya miƙe a inuwa har azahar. Da dare yana zagaya garke shiru, in ya yi haushi kuwa kowa a gidan yana tashi, don an san da dalili. Raguna sun saba da shi har suna kwanciya kusa da shi. Tun zuwansa ba a sake haura mana katanga ba. Mai gida bai sake tayar da maganar tashi ba, Iya mai burodi kuma ta koma amsa gaisuwarmu, ko da yake yaronta har yanzu ta ɗaya gefen titi yake bi, ba mu kuma ga laifinsa ba.

Aikin yana da nauyi, kada wani ya ji daɗin labari ya je ya ɗauko kwikwiyo. Ranar da tirela ta iso da tsakar dare muka kwana sauke kaya, haka za a fita da asuba ido na yaji. Da damina ruwa yakan hana mu kwana biyu ko uku a jere, a ranar ta uku kuwa za ka ga tsohon halin yana leƙowa, sai mu koma jefa masa tsumma yana ɗaukowa a cikin rumfa. Ga kuɗin allura da na maganin tsutsa. Wanda ba shi da garke ko sito da zai tsare, ko ba shi da wanda zai karɓe shi in ya yi tafiya gida, mu dai ba mu ba shi shawarar ajiye kare a Agege ba.

Yayanmu har yau bai hau keken ba. Ya ce da furfurarsa ba za a gan shi kare yana binsa a titi ba, ƙannensa su yi. Amma makon jiya da tayar baya ta fashe, tun kafin mu yi magana ya aiki yaro Pen Cinema ya sayo sabuwa.