Hawan Dutsen Idanre: Kowa da Inda Ƙafarsa Ta Kai

Daga Akure, babban birnin Jihar Ondo, zuwa Idanre tafiyar ba ta cika awa guda a mota ba. Ga mutanen da suka taso tun daga Kano, suka bi ta Kaduna da Abuja, suka haye Kogin Kwara a gadar Jamata, suka ratsa Lakwaja da Okene da Owo, wannan ɗan guntun hanya ba abin a tsaya shawara ba ne. Ƙanena da ke bautar ƙasa a Akure muka je dubawa, ni da Baffa da ƙanwarmu da ɗanta, ƙanen nawa ne kuma ya kafe a kan ba za mu juya gida ba sai mun ga dutsen.

Lokacin kakar koko ne. Tun daga Alade, garin da ake fara tararwa, ake ganin 'ya'yan kokon a shanye gefen titi da ƙofar gidaje, wani tsami-tsami na tashi daga jikinsu. Can sai duwatsun suka fara leƙowa ta bayan itatuwa, manya-manya, baƙaƙe, masu sulɓi, wasu ko ciyawa babu a kansu. Kafin mu ankara sun kewaye mu ta ko'ina, garin Odode na zaune a tsakiyarsu kamar tsaba a gindin ƙwarya.

A bakin matakala muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora. Baffa ya haura shekara 70, ga ciwon gwiwa, amma ya zauna a Kurmi da ƙuruciyarsa, Yarbanci bai bar bakinsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi matakalar da ta miƙe ta ɓace cikin duhuwar itatuwa, ya tambayi yaron ko tsoho irinsa na hawa. Yaron ya rusuna ya ce ai kakanninsa a saman aka haife su, a can suka yi aure, a can waɗansunsu suka tsufa. Wannan amsa ita ta sauya mini yadda nake kallon wurin. Har zuwa shekarun 1920 mutanen Idanre a kan dutsen nan suke zaune, ɗaruruwan shekaru, saboda tsaro daga yaƙi da farmaki. Da zaman lafiya ya samu, hanyar mota da kasuwar koko suka zo ƙasa, sai suka sauko. Ke nan dutsen ba filin gwada ƙarfin samari ba ne. Gari ne, kuma gari dole ya kasance da hanyar tsoho da ta mai ciki da ta mai ɗauke da kaya.

Matakalar siminti ce da aka yi daga baya, taki fiye da 600, da wuraren hutawa biyar a tsakani. Ni a ganina waɗannan wuraren hutawa su ne mafi daraja a duk aikin. Wanda ya tsara su ya san cewa ba ƙirji ɗaya Allah ya ba mutane ba. Ɗan ƙanwata, mai shekara 8, ya zura da gudu yana ƙirga taki da ƙarfi, ƙanena na biye da shi. Mu kuwa muka sa Baffa a tsakiya, yana dogara sandarsa, taki goma ya tsaya, ya yi salati, ya ƙara goma. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Waɗansu ɗalibai da suka taho daga baya suka ratse gefe suka gaishe shi, suka wuce a hankali.

A wurin hutawa na biyu Baffa ya zauna ya miƙe ƙafa. Daga nan ma an riga an ga gari duka: rufin kwano mai tsatsa jere-jere, hasumiyar coci, koren gonaki ya malale har gindin duwatsun da ke tsallake.

"Ku je, Allah ya tsare," in ji shi. "Ni nan rabona ya tsaya, kuma ya ishe ni."

"Baffa, ko in zauna da ku?" ƙanwata ta tambaya.

"A'a, 'yar nan. Kin zo daga Kano ki zauna gadin tsoho? Bar mini ruwa kawai ki bi ɗanki."

Na ji daɗin yadda ya faɗi maganar, ba da kunya ba, ba da takaici ba. Mutumin da ya tsaya a wurin hutawa na biyu shi ma ya hau Idanre.

Daga na uku zuwa na biyar ne hawan ke nuna halinsa. Matakalar na ƙara tsayuwa, cinya ta fara zafi, gumi ya jiƙa riga duk da sanyin safiya, don iskar nan mai laima ce, ba irin busasshiyar iskar hunturunmu ba. Ƙanwata ta cire takalminta mai santsi ta riƙe a hannu. Duk mai niyyar zuwa ya nemi takalmi mai kama ƙasa, ya ɗauki ruwa isasshe, ya kuma fita da sassafe. Da damina dutsen kan yi santsi ƙwarai, sai an ƙara kula.

Abin mamakin yana sama. Mutum na tsammanin zai tarar da ƙololuwa mai tsini, sai ya tarar da fili shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu, da itatuwa da ciyayi da 'yan hanyoyin ƙafa. Nan ne tsohon garin, Oke Idanre. Daga nan tafiyar ta koma yawo, ko yaro ba ya gajiya. Muka wuce kangayen gidaje na jar ƙasa, da tsohuwar makarantar firamare da aka buɗe tun ƙarshen ƙarni na 19, da tsohon ɗakin shari'a. A fadar Owa, sarkin Idanre, muka fi daɗewa. Ginin ƙasa ne mai gajeren rufi, sai an sunkuya ake shiga wasu ƙofofin, da tsakar gida a buɗe da ginshiƙan itace da aka sassaƙa da siffofin mutane. Duk wanda ya saba da soro da zauren gidan sarauta a ƙasarmu zai gane hikimar: ba a isa wurin sarki kai tsaye, kuma ba a isa da kai a ɗage.

Ɗan jagora ya kai mu wani dutse mai shaidar sawu a jikinsa, wanda suke kira sawun Agboogun. Mutanen garin na cewa yana daidai da ƙafar duk wanda ya sa, in ba mai mugun abu ba. Ɗan ƙanwata ya sa tasa, ya juyo yana murna. Akwai kuma rafin Arun mai ruwa garai-garai da ke ratsawa ta ƙarƙashin duwatsu, wanda suke ɗauka da tsarki. Imaninsu daban da nawa, amma na ga yadda ɗan jagoran ke sassauta murya a waɗansu wurare, na ga ya dace baƙo ya kama kansa. Har yau sukan hau nan don bukukuwansu na shekara, musamman bikin Orosun.

Abin da ya sosa mini rai shi ne ledoji da robobin ruwa da baƙi ke watsarwa a gefen hanya, da bangon ƙasa da ruwan sama ke ci a hankali. Tun 2007 aka sa Idanre cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, irin darajar da Sukur ta Adamawa ta samu a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Wurin da ake nema wa irin wannan suna bai kamata mai ziyara ya bar masa shara ba.

Mataki na gaba na masu ƙarfin ƙafa ne. Ƙanwata da ɗanta suka zauna a inuwa kusa da fada, ni da ƙanena muka bi ɗan jagora zuwa ɗaya daga cikin duwatsun da ke bayan tsohon garin. Nan babu siminti, babu abin dafawa. Dutse ne tsirara, wani wurin sai an haɗa da hannu, ana manna tafin ƙafa sosai kafin a ɗaga ɗaya. Ba wurin da za a je ba jagora ba ne. A cikin tsagogin da ruwa ke tsattsafowa ne wani ɗan kwaɗo ke rayuwa, wanda masana suka bayyana a 1963, ba a kuma san shi a ko'ina a duniya ba sai a duwatsun nan. Da muka kai sama, kusan mita 900 daga matakin teku, iska ta buge mu. Duwatsu ne bayan duwatsu har iyakar gani, ga dutsen Orosun ya ɗara su duka, gajimare na lulluɓe da kansa. Na fahimci abin da ya ja Wole Soyinka har ya sa wa littafin waƙoƙinsa na 1967 sunan wannan wuri.

Saukowa ta fi cin gwiwa fiye da hawa. Muka tarar da Baffa ya riga ya sauka a hankalinsa, ya yi alwala, yana hira da wata mai sayar da ayaba. Bayan mun yi Azahar muka ci sakwara, sai ya ce saura tasa hanyar. Wata 'yar turba ce a gindin dutsen, shimfiɗaɗɗiya, ta ratsa cikin gonakin koko, inuwa daga farko har ƙarshe. A nan shi ya shige gaba. Ya tsaya gindin wata doguwar bishiya mai duhun ganye da ke tsakanin kokon, ya kira jikansa.

"Zo nan, maigida. Ka san wannan?"

Yaron ya girgiza kai.

"Goro ke nan. Wanda ake rabawa ranar suna da ɗaurin aure, daga irin wannan yake fitowa."

Ya nuna masa kwanson da ke rataye, ya kwatanta yadda ake fasa shi, a jiƙa 'ya'yan a ɓare musu farar riga, a jera su cikin ganye a ɗaure huhu, a loda a mota har kasuwar Mariri a Kano. Mai gonar ya ji Yarbancin Baffa ya fito, suka gaisa, ya tsinko kwanso ɗaya ya fasa ya miƙa wa yaron. Sai da direbanmu ya aiko cewa rana ta yi, ga hanyar Akure, sannan muka samu Baffa ya yarda muka koma mota.