Tuddan da James Braid Ya Bari Yadda Ya Same Su

A Arewa na koyi wasan golf, a filayen da ake ƙarasa kowane rami a kan yashin da aka cuɗa da baƙin mai, yaro ya share maka hanya kafin ka tura ƙwallo. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, daga inda ka tsaya kana hango tutar da kake nema. Sai da karatu ya kai ni Sikotilan, wani abokin aji ya ja ni Gleneagles, kusa da garin Auchterarder a yankin Perthshire, sannan na san cewa ƙasar da kake takawa ma abokiyar karawa ce.

Kamfanin jirgin ƙasa na Caledonian Railway ne ya kafa wurin, otal da filayen golf, da dabarar babban manajansa Donald Matheson, don masu hali su hau jirgi su zo hutu. An buɗe filin King's a 1919, otal ɗin kuwa sai 1924. Wanda ya tsara filin shi ne James Braid, ɗan ƙasar, wanda ya ci gasar Open sau biyar tsakanin 1901 da 1910. Da diga da shebur da amalanken doki aka yi aikin. Mai irin waɗannan kayan aiki ba ya rushe tudu, sai dai ya zagaya ya karanci ƙasar, ya ga inda Allah Ya riga Ya ajiye rami, ya kafa tuta a nan. Ni a ganina wannan ne asirin filin gaba ɗaya.

Ramin farko yana karɓar baƙo da fara'a, fili ne mai faɗi wanda ko ɗan koyo ba zai kuskure ba. Amma bugu na biyu sama ake yinsa, domin lallausar ciyawar da ramin yake ciki tana bisa ƙoƙuwar tudu, kuma ƙwallon da ƙarfinta ya gaza sai ta gangaro. Na isa sama ina haki, na juya, sai ga tsaunukan Ochil a kudu sun jeru, iska mai sanyi tana ratsa rigata.

Rami na uku ne ya fi zama a raina. A bugu na biyu ba ka ganin tuta sam, wani dogon tudu ya tare gabanka. Dattijon da ke ɗauke da jakar sandunana, mutumin yankin ne mai ƙarancin magana, ya miƙo mini sanda ya nuna mini inda zan saita, ya ce in ƙara ƙarfi fiye da yadda idona ke gaya mini. Na buga, ƙwallo ta haye ta ɓace. Daga nan sai tattaki, kana hawa zuciyarka na dukan uku-uku, ba ka san ko tana kusa da rami ko ta shige ciyayi ba sai ka kai kan tudun. Masu tsara filaye na yanzu ba su cika son irin wannan rami ba, wai babu adalci a sa mutum ya bugi abin da ba ya gani. Ban yarda da su ba. Wannan ɗan lokacin hawan, tsakanin fata da fargaba, ban same shi a wani fili ba.

Na biyar gajere ne, bugu ɗaya ya kamata ya kai ka, amma ciyawar tana can a ɗage kamar an kife faifai, ramukan yashi masu zurfi sun tsare gindinta. Na goma sha uku, Braid's Brawest, dogo ne mai ƙugu da kwari, ga tsiron heather a gefe, wanda ke yin furen shunayya a watan Agusta, yana kuma riƙe ƙwallo ya ƙi saki.

Duniya ta fi sanin Gleneagles da wasu abubuwan. A nan shugabannin ƙungiyar Commonwealth suka amince a 1977 a daina hulɗar wasanni da Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, a nan kuma ƙasashen G8 suka zauna a 2005 kan yafe wa ƙasashen Afirka bashi. Gasar Ryder Cup ta 2014 a sabon filin da Jack Nicklaus ya tsara aka yi ta, mai faɗi, mai ɗaukar dubban 'yan kallo. Na leƙa shi, yana da kyau, amma hannun inji a bayyane yake a jikinsa. A tsohon filin, wato King's, ne ƙwararrun Birtaniya da na Amurka suka kara tun 1921, kafin a san da wannan kofi.

A rami na ƙarshe ƙasar takan biya ka wahalarka. Akwai wani ƙugu a tsakiyar hanya, in ƙwallonka ta tsallake shi sai gangara ta ɗauke ta, ta yi ta gudu ita kaɗai. Tawa ta tsallake. Dattijon ya gyara jaka a kafaɗa, ya ce in ɗaga ƙafa, masu bin bayanmu sun iso.