Bencin Baya

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, garin Isa ne ke faɗo mini a rai. Ina ɗan shekara bakwai aka yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa can, shi ma'aikacin lafiya ne, muka kwashi komatsanmu muka bi hanyar Shinkafi. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano, a can gefen gari. Idan an cika ranar Lahadi da ƙyar mu kai mutum sittin: 'yan sanda, malaman makaranta daga kudancin Zariya, 'yan kasuwa Ibo masu shagunan magani, sai Gobirawa 'yan kaɗan da ke tasowa daga ƙauyukan wajen Sabon Birni a kan keke. Da Hausa ake komai, da Hausa ake wa'azi, da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da harshenmu tun 1932. Matan Zumunta su dafe tulu suna bugawa, kacau-kacau na amsawa, mu yara muna tsalle har ƙura ta tashi. Ranar Kirsimeti Inna ta ɗora mini kwanukan shinkafa in bi gidajen maƙwabtanmu Musulmi, ranar Babbar Salla kuma naman layya ya shigo mana ta kowace ƙofa. Na ƙaunaci wurin nan, har gobe ina ƙaunarsa, shi ya sa maganar da zan yi take yi mini nauyi.

A bakin ƙofa akwai wani benci da ba ya cikin jeri. Wanda dattawan ikilisiya suka sa a horo, nan yake zama. Ba ya waƙa a ƙungiya, ba ya cin Jibin Ubangiji, sai wa'adinsa ya cika ya tashi gaban jama'a ya nemi gafara. Muna yara mun ɗauka haka Allah ya tsara, kamar yadda ya tsara damina da rani.

Mutum ɗaya ne kullum a kan bencin, wani tsoho Bagobiri mai zane a kumatu. Ya ji bishara ne yana saurayi a wajen Tsibiri, garin da 'yan mishan suka zauna tun ƙarshen shekarun 1920, a ƙasar da kakanninsa suka koma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Yakan ba mu labarin yadda ya kai ƙanensa asibitin Galmi a kan jaki, ba da jimawa ba da buɗe shi a 1950. Danginsa sun juya masa baya saboda wannan hanya. Amma matansa biyu, kuma an ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami ɗaya. Ya ce wadda ta haifa masa 'ya'ya biyar, ta ci wuya tare da shi, ina zai kora ta? Shekara da shekaru yana taka keke ta cikin yashin fadamar Rima, ya zo ya zauna a bakin ƙofa, faranti ya wuce ta gabansa bai miƙa hannu ba.

A 1988 Yaya ta same shi a can. Shekararta goma sha bakwai, ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar matasa, sai ciki ya bayyana. Ranar da aka yi sanarwa, an kira sunanta da na Baba a gaban kowa, aka ce horon wata shida. Sunan wanda ya yi cikin ba a kira ba, alhali ko jaririn goye ya san shi. Mahaifinsa ne ya sayi kwanon da ke kanmu. Mako biyu bayan haka aka tura shi karatu Sakkwato, aka yi masa addu'ar tafiya lafiya, ni ma na ce amin da ƙarfi.

Horon dattawa yana da ranar ƙarewa, na sauran jama'a kuwa ba shi da ita. A taron addu'a na Laraba wata za ta miƙe ta ce, “Mu tuna da gidan wane cikin addu'a, kun dai san abin da Shaiɗan ya yi musu,” sai ta zayyana komai dalla-dalla, har da abin da bai faru ba, kafin a sunkuyar da kai. Iyaye suka hana 'ya'yansu mata shiga gidanmu. Aka karɓe ajin makarantar Lahadi daga hannun Inna ba tare da an ce mata uffan ba, ta zo kawai ta tarar da wata a gaban yaran. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya yi zagi, duk cikin “Allah ya ba da haƙuri” aka yi. Wannan ne ya sa na daɗe ban gane mugunta ba ce. Na saba mugunta da tsawa take zuwa. Wadda ke gaishe ka da murmushi, tana riƙe da littafin waƙoƙi, ban san sunan da zan ba ta ba sai da na yi furfura.

Na yi ta tunanin abin da ya kai mutanen kirki ga haka, domin na kirki ne, su ne suka yi jinyar Baba da ya kwanta. Mu 'yan tsiraru ne a tsakiyar gari, kullum ana jin idon jama'a a kanmu, ana tsoron a ce Kiristoci ba su da tarbiyya. Tsoron nan ya sa aka fi damuwa da abin da za a gani a kan abin da yarinya ke ji. Kuma horo yakan gangara ne inda ba a jin tsoro: kan mace, kan talaka, kan wanda ba shi da kowa a cikin dattawa. Ban ce ikilisiya ta rufe ido ga zunubi ba. Amma wata shida Yaya tana bakin ƙofa, ba dattijo ko ɗaya da ya tako gidanmu ya tambaye ta yadda ta kwana.

Lahadin farko da ta shiga, kanta a ƙasa, ta tsaya ta rasa inda za ta sa kanta. Tsohon nan ya kakkaɓe bencin da hularsa ya ce, “Zamna nan, ɗiyata, wurin ga na da iska.” Ni ina jeri na uku. Inna ta ce kada in waiwaya, ban kuwa waiwaya ba, har wata shidan suka cika. Ranar suna, mata uku ne suka zo daga majami'a. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai tuyar ƙosai, ita ta hura wutar ruwan wankan jego tun asuba, kwana arba'in ba fashi.

Yau hanyar da tsohon ke bi da keke ba ta biyuwa sai da fargaba. A watan Disamba na 2021, da labari ya zo cewa 'yan bindiga sun ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni, na kasa barci. Mutanen ƙauyukan nan da yawa sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira, ban san inda jikokinsa suke ba. Da gari ya waye na buga wa Yaya waya. Muka yi ta lissafa waɗanda muka sani a can, sai na ce, “Yaya, ki yafe mini, ban taɓa zuwa na zauna kusa da ke ba.” Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce ai ni yaro ne a lokacin. Ta ce duk Lahadi, idan an fara zagayawa da farantin Jibi, tsohon yakan zaro dabino biyu daga aljihu, ya ba ta ɗaya, su ci tare.