Takardar Dakta da Allunan Trieste

Ina bautar ƙasa a wata makarantar sakandare, ina koya wa 'yan aji huɗu dokokin Newton da guntun alli, na fara neman gurbin ƙaro karatun fiziks a ƙasashen waje. Wurare biyar na aika wa takardu. Huɗu suka ba ni haƙuri, na biyar ko tari bai yi ba.

Sai daga baya na gane inda gizo yake saƙar. Na ɗauka takardar shaida girman mai sa hannu take bi, don haka na yi mako biyu ina sintiri a ƙofar ofishin wani babban farfesa, wanda bai taɓa ganina ba sai a aji mai mutum ɗari biyu. Ranar da na samu shiga na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, takardar shaida nake nema." Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Je ka rubuto, in sa hannu." Ni kuwa na zauna na zuba wa kaina kirari: yaro mai ladabi, mai hazaƙa, mai riƙon amana. In ka karanta sai ka rantse ta neman aure ce.

Da na koma jami'armu karɓar wasu takardu, na ci karo da Daktan da ya duba aikina na kammala digiri. Ƙaramin malami ne a lokacin, babur yake hawa. Ya saurare ni har na gama kuka, sannan ya ce, "Kai ma ka so dariya. Mutanen nan ba ladabinka suke tambaya ba, so suke su san abin da kake yi in lissafi ya ƙi fita." Aikin nawa wani ɗan shiri ne na Fortran mai lissafa girgizar atom da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Mako uku yana ba ni amsar banza, har na gano wata alamar ɗebewa da na sa a gurbin ta tarawa. Wannan labarin Dakta ya rubuta, shafi guda da rabi, har da cewa ina da rauni a lissafin kwantum amma ba na gudun aiki. Na ji haushin wannan layin. Yanzu ina kyautata zaton shi ya sa aka yarda da sauran.

Shi ne kuma ya nuna mini ICTP, cibiyar nazarin fiziks da ke Trieste a arewa maso gabashin Italiya. Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg, shi ya kafa ta a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa. Tun 1991 suke da shirin difloma na shekara ɗaya, mai shirya ɗalibi don digiri na uku, su biya kuɗin jirgi, su ba ka na kashewa. Na nemi ɓangaren nazarin daskararrun abubuwa, aka ɗauke ni. Inna ta cika mini jaka da kuka da daddawa da yaji, kamar wanda za shi aikin Hajji.

Cibiyar tana gefen teku, dab da fadar Miramare. Da sanyi ya shigo sai iskar da suke kira bora ta taso, wadda takan wuce gudun kilomita 100 a awa, ta juya maka lema ciki waje. Amma ba iska ce ta kayar da ni ba, aikin gida na farko ne. A jami'armu ina cikin na gaba-gaba, domin na iya hadda: malami ya ba da takardunsa, ka haddace yadda aka warware, ranar jarrabawa ka mayar masa da kayansa. A nan kuwa sai a ba ka tambayoyi biyar da ba ka taɓa gani ba, a ce nan da mako guda. Na warware ɗaya da rabi.

Abin da na yi bayan nan shi ne wautar da nake gargaɗin kowa a kanta: na ɓuya. Kunya ta hana ni tambaya. In malami ya ce an gane, ni ne farkon gyaɗa kai. Da dare in kulle ɗaki in yi ta karanta babi ɗaya sau huɗu, ina ganin kamar na fahimta, alhali hannuna bai taɓa biro ba. Wata guda na yi a haka.

Wani ɗan ajinmu daga Habasha ne ya kama ni. A cibiyar alluna ko'ina suke, har a baranda. Ya tsayar da ni gaban ɗaya, ya miƙo alli ya ce in nuna masa yadda na yi tambaya ta uku, wai shi ma ya maƙale. Na rubuta layi biyu na tsaya, gumi na keto mini cikin sanyin nan. Ya dubi allon ya ce, "A nan ka tsaya? Ni a layi na huɗu na tsaya. Zo mu kira 'yar Biyetnam ɗin nan, ita ta wuce wurin." Ashe kowa da inda ya maƙale, ni kaɗai nake ɓoye nawa. Daga ranar mu uku muke haɗuwa bayan isha'i, da sharaɗin sai kowa ya yi kokawa da tambayar shi kaɗai kafin ya zo. Na koma baya na sake koyon aljabarar matiris da lissafin Fourier daga tushe, abin da na ci jarrabawarsa da maki mai kyau shekara uku kafin nan.

Neman digiri na uku ya zo da sauƙi a kan neman da na yi da farko. Na rubuta jarrabawar GRE ta fiziks, wadda a lokacin tambaya 100 ce cikin minti 170, ba ta son zurfin tunani sai sauri. Jami'o'in Amurka galibi a Disamba ko Janairu suke rufe karɓa, kuma a fiziks su ke biyan ka, ka koyar a ɗakin gwaje-gwaje ko ka yi bincike. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin makaranta daga aljihunka, ka nemi wani wuri. Kafin na zaɓi mai duba aikina sai da na rubuta wa ɗalibansa biyu, na tambaye su sau nawa suke ganinsa a wata, da kuma shekara nawa na gabansu suka yi kafin su gama. Amsarsu ta fi duk abin da ke shafin jami'ar amfani.

Kwanan baya wani ɗalibina ya shigo ofis da takarda a hannu, ya ce, "Malam, na rubuto ne don in rage maka wahala, sa hannu kawai za ka yi." Na duba: mai ladabi, mai hazaƙa, mai riƙon amana. Na kife ta a kan tebur, na miƙa masa alli, na ce ya nuna mini inda ya tsaya a aikinsa. Ya rubuta layi uku ya juyo yana kallona. Na jawo kujera kusa da allon.